Mariƙin Sandar Fatsar Tanko

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Daga mahaifinka Rabe masassaƙi, a Gidan Sori, zuwa ga ɗana Isuhu.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa. Allah ya sa motar da za ka shiga ta sauke ka Yamai lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin ruwa da na mutum, ya haɗa ka da maigida mai tsoron Allah. Amin.

Ka san ni ba gwanin magana ba ne. In na zaunar da kai sai in ce ka yi hankali, ka ce to Baba, shi ke nan mu tashi. Shi ya sa na ɗauki biro da ɗan rubutun da na koya a yaƙi da jahilci, na sa takardar cikin jakar kayan aikinka, ƙarƙashin gizago. Ka karanta in ka natsu.

Ba na shakkar hannunka. Mai shagon kayan kamun kifi da ya kira ka bakin kogin Isa, babban kogin Yamai, bai yi zaɓen banza ba, ya ga aikinka a salula ya san abin da ya gani. Sassaƙa kam ka iya, a wasu wuraren ma ka wuce ni. Abin da nake so in ba ka shi ne labarin yadda na koyi yin mariƙin sandar fatsa, don ba ka san rabinsa ba. Kai ka taso ka tarar masunta suna sallama a ƙofar gidanmu, ka ɗauka haka aka fara. Duk abin da na sani a wannan aiki a jikin mutum ɗaya na koye shi, kuma shi ya sha wuyar koyona. Baba Tanko nake nufi, wanda kake kai wa goro ranar Juma'a.

Lokacin ina saurayi ƙotar hauya da ta gatari kawai nake yi, kamar kakanka. Wata ranar kasuwar Cadakori, gab da faɗuwar damina, ina zaune bayan ƙotocina sai ga wani dogon mutum baƙi, da sandar gora a kafaɗa. Shi ne Tanko. Gonarsa ƴar kaɗan ce, abincin gidansa yana cikin gulbi ne, a ƴan watannin da ruwa ke gudu da waɗanda tabkuna ke riƙe ruwa bayansa. Ya miƙo mini gindin sandar, duk ya tsage, ya buɗe mini tafin hannunsa na ga inda gora ta yayyanka shi.

Ya ce, "Ɗan Sassaƙa, kana iya yi wa wannan ƙota kamar ta hauya?"

Na ce, "Me zai hana? Itace ne dai."

Ban taɓa riƙe sandar fatsa ba a ranar, amma na amsa kamar na gaji aikin. Na koma gida na sari reshen marke ɗanye shar, don shi ya fi daɗin sassaƙa, gizago na shiga kamar cikin kabewa. Na huda shi da ƙarfe mai zafi, na zura gorar, na liƙe da ƙaro. Kasuwa mai zuwa na ba shi, ya juya shi ya ce madalla. Kafin gero ya yi kai sai ga shi ya dawo. Itacen ya bushe a hannunsa, ya tsage daga baki har tsakiya, gora tana ta kaɗawa a ciki kamar haƙorin tsoho. Bai yi faɗa ba. Ya ajiye a gabana ya ce, "Itacenka bai gama mutuwa ba ka sa shi aiki."

Isuhu, a birni za a riƙa tsaya maka a kai ana cewa yau ake so. Kada gaggawar wani ta sa ka taɓa ɗanyen itace. Reshe ya kwana a inuwa, da ɓawonsa, bakinsa a shafe da kakin zuma, har rani ya zagayo. Can kuma ba kai za ka sara ba, saye za ka yi, kuma mai sayarwa zai rantse maka ya bushe. Ƙwanƙwasa shi da bayan wuƙa, busasshe yana amsawa da ƙara, ɗanye murya gare shi kamar mai mura. In ka yi shakka ka kara yankakken bakin a leɓenka. In ka ji sanyi, ajiye shi.

Kunyar wannan tsagewa ta sa na ƙudura zan yi wa Tanko abin da ba a taɓa gani ba. Na samo guntun ƙirya wajen wani mai kawo turame daga kudu, busasshe ƙayau, ja kamar hanta. Na daɗe a kansa. Na goge shi da magagari, na bi da yashi mai laushi, na bi da ganye, sannan na yi ta shafa masa man kaɗe har mutum yana ganin inuwar fuskarsa. Ranar da na kai shi kasuwa mutane suka taru suna karɓa hannu-hannu. Wani dillalin shanu ya ce wannan ai sandar sarauta ce. Kaina ya kumbura. Tanko ya auna nauyinsa a hannu, ya ɗan yi shiru, ya ce, "Yana da kyau." Na ji shirun nan, amma yabon jama'a ya rufe mini kunne ban tambaye shi ba.

A tsakiyar damina ta gaba abin ya faru, da hantsi, gulbi ya cika har yana taɓa gonakin bakin gaɓa. Waɗanda ke wurin suka ba ni labari. Tanko ya riga ya cire kifi biyu, hannunsa duk yauƙi, sai wata babbar tarwaɗa ta ɗauki ƙugiya ta fizga. Mariƙin ya sulɓe daga hannunsa kamar sabulu. Da gora ce zalla da ta yi iyo a sama ya bi ta a hankali, amma ƙirya nauyi gare ta, ta ja gindin sandar ƙasa. Sandarsa ke nan guda, da ƙugiyarsa mai kyau, ga damina ta yi nisa. Ya faɗa ruwa ya bi ta. Ruwan ya kwashe shi ya maka shi a kan wani gawo da ya faɗi cikin gulbin, reshe ya tsaga masa cinya. Masu noma a gaɓa suka jefa masa igiyar shanu suka jawo shi. A amalanke aka kai shi likita ta Gidan Rumji aka ɗinke.

Da na ji, na rasa inda zan sa kaina. Uwarka Cima, lokacin tana amarya, ta ce, "Malam, zama ba ya gyara komai. Tashi ka je." Ta ɗaura mini gero a buhu na ɗora a jaki. Na same shi kwance a rumfa, ƙafa a naɗe, ƴaƴansa ƙanana suna leƙe daga bayan zana. Na gaishe shi, na fara haɗa maganar ban haƙuri tana warwarewa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce:

"Rabe, ka taɓa riƙe tarwaɗa da rai?"

Na ce, "A'a, Yaya."

Ya ce, "Na sani. Ai tarwaɗa biyu ka haɗa ni da su, ɗaya a ruwa ɗaya a hannuna."

Ya yi dariya har ciwon ya motsa masa, ni kuwa na kasa. Sauran daminar nan bai shiga ruwa ba. Ni na yi masa maimai a gonarsa, na kuma taya shi girbi, amma kifin da ya wuce ya wuce, gidan nan sun ji a jikinsu har rani.

Ka riƙe wannan da kyau, don inda za ka masu son ƙyalli sun fi yawa. Za a zo maka da manyan motoci a ce a yi mai sheƙi, a sa ƙaho, a sa zane. Ka yi musu, ba laifi, ado ba haram ba ne. Amma adon ya tsaya a baki da gindi. Inda tafin hannu zai zauna ka bar shi da kaushi. Kafin mariƙi ya bar hannunka ka jiƙa shi, ka shafa wa tafinka kuɓewa ko karkashi, ka riƙe ka sa wani ya fizga. Ka kuma jefa shi cikin bokiti ka ga ko zai nutse. In mai saye ya ɗauka ya yi shiru, kada ka bar shirun ya wuce, ka ce masa me ka ji.

Da ƙafar ta warke, Tanko ya aiko a ce mini in ina son in sake yi masa, sai in zo bakin ruwa tukuna. Na je. Gulbi ya janye, sai tabkin da ya bari. Ya ba ni sanda ya zaunar da ni tun safe har rana ta take. Ban kama komai ba, amma na ji yadda wuyan hannu ke gajiya in nauyi ya rinjaya gaba, na ji yadda ɗan motsin kifi ke biyo gora ya iso yatsa, in itacen ya yi kauri kuma ba ka jin komai. Can na lura da abin da ban taɓa gani ba duk zamanmu: ƙaramin yatsan Tanko da na kusa da shi ba sa lanƙwasawa, tun wata karaya ta ƙuruciya. Da yatsa uku yake riƙo. Ni kuwa duk mariƙin da na yi masa da hannuna na auna, hannun mai yatsa biyar lafiyayyu.

Na ɗebo laka a bakin tabkin na mulmula na ce ya damƙa yadda yake damƙar sanda. Ya damƙa ya ba ni. Na kawo gida na shanya, na sassaƙa magarya ina duban lakar nan. Asalin curin lakar da ka ga ina ba kowane baƙo ke nan, wanda abokanka na lakol, ƴan boko, suke yi mana dariya a kai. Kada ka ji kunyar yinsa a Yamai. Ko mai babbar riga ne, miƙa masa laka, ka ajiye ruwan wanke hannu kusa.

Saura abin naɗi. Ina zaune tsakar gida ina juya magaryar, uwarka tana saƙar tabarma. Ta ce, "Da ka naɗe shi da igiyar kaba. Kaba in ta jiƙa kamawa take ƙara yi."

Na ce, "Ke dai yi tabarmarki. Wannan aikin maza ne."

Ta ci gaba da saƙarta. Na tafi wajen dukawa na sayo jar fata na naɗe, na ɗinke da basilla, ya yi kyau. Mako bai cika ba fatar ta sha ruwa ta saki, ta yi santsi, ta kama wari har ƙudaje na bin Tanko. Na dawo da mariƙin gida na ajiye na fita salla. Da na komo daga masallaci sai na tarar da ƙullin igiyar kaba siririya, an murza ta da kyau, an ajiye a kan gizagona. Uwarka kuma tana can tana daka kamar ba ta san zancen ba. Na naɗa. Mariƙin nan ya yi damina a kan damina a hannun Tanko, igiyar kawai ake sakewa. Shi ya jawo mana masunta daga Tibiri har Gangara, kuma har yau uwarka ke murza mana igiya, ka sani.

Don haka in magana ta zo maka a kan aikinka, kada ka duba bakin da ta fito. Can za ka tarar da Zabarmawa da Sorkawa waɗanda aka haifa a cikin jirgin ruwa, kifinsu ya fi namu girma, sandunansu ba irin namu ba. Za ka ga mata masu saƙa da masu gyaran kifi da suka san abin da ruwa ke yi wa kowace igiya. Tambaye su. Wanda ya gyara maka aiki, ka koma ka gaya masa maganarsa ta yi. Ni na daɗe ban gaya wa uwarka ba, kuma ba abin da jinkirin ya ƙara mini.

Akwai na ƙarshe, wanda ya faru shekarar da ka tafi cin rani kudu ka zarce ba ka dawo noma ba, shi ya sa ba ka san cikinsa ba. Ka dawo ka tarar da Baba Tanko da sandarsa mai ɗamara, ka ce dabara ce mai kyau. Ga yadda aka yi.

Ciwon shanyewar jiki ya kama shi da bazara. Allah ya taƙaita, ya tashi, yana jan ƙafa, amma hannun dama ya mutu sai ɗan motsi. Da ruwa ya sauka ya aiko na je. Bakinsa ya ɗan karkace, maganar tana fita da ƙyar. Ya ce, "Rabe, yi mini wanda zan riƙe da wannan."

Na dubi hannun, na tuna da gawon nan da igiyar shanu. Na ce a raina, ni ba zan sake zama sanadin kai mutumin nan ruwa ba. Amma ban iya faɗa masa ba. Na ce, "To Yaya, bari in nemi itace." Ya aiko, na ce itacen bai bushe ba. Ya sake aikowa, na ce aikin gona ya yi yawa. Ina ganin kamar tausayinsa nake yi. Haka damina ta fita, tabkuna suka fara ja baya. Ran nan na biya ta ƙofar gidansa na gan shi jingine da bango, ya rame, ido ya faɗa. Matarsa ta ce mini ko fura sai an yi da gaske yake sha. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa gaisuwar ba, ya ce:

"In ba ka iyawa ka ce ba ka iyawa, in nemi wani. In kuwa tsoro kake ji, ai ba kai za ka shiga ruwan ba. Na san gulbi tun ba a haife ka ba. Ba ka da ikon yanke mini ranar da zan bar shi."

Na ce, "Tsoro ne, Yaya."

Ya ce, "To ka yi aikin da tsoron a ciki, sai ya fi kyau."

Na koma na zauna da magarya mafi sauƙin nauyi da nake da ita. Na yi mariƙin dogo, ya bi damtse har gwiwar hannu, na fafe shi yadda hannun zai kwanta a ciki. Na sa ɗamara biyu na kaba. A nan tsoron ya yi amfani: na yi ƙullin yadda in an fizga da ƙarfin da ya wuce kima zai kwance da kansa, sanda ta tafi ta bar mutum. Na sa ƙodagon goruba a gindi don ya tokare a cikinsa ba tare da ya ji ciwo ba, hagu kuma ta yi aikin ɗagawa. Na gwada a jikina, na ɗaure yatsuna da tsumma, uwarka tana jan igiya daga bakin rumbu har muka gamsu.

Na ɗauke shi a amalanke zuwa tabkin da ya rage, da sassafe. Na ɗaura masa, na sa masa tana a ƙugiya, na jefa, na koma gefe na zauna kusa yadda hannuna zai kai rigarsa. Muka daɗe muna jira. Can ɗan karan da ke ɗaure a zaren fatsa, yana iyo a kan ruwa, ya yi rawa ya nutse. Na zabura zan taya shi, ya ce, "Zauna!" da murya irin ta da. Ya tokare gindin a ciki, ya ɗaga da hagu, sai ga ƴar karfasa ba ta fi tafin hannu ba tana wutsil-wutsil a iska. Ya jawo ta har kan cinyarsa ya zuba mata ido. Hawaye na bin gefen bakin nan da ya karkace. Ya ce a kai wa matarsa ta yi masa romo, yunwa yake ji.

Damina guda na cinye wa dattijon nan da "bari in nemi itace". Kai kada ka yi haka. In ba za ka yi aiki ba, faɗa wa mai shi a ranar, ido da ido, ya san inda zai nufa. In kuma wani ya zo maka da hannun da bai cika ba, ko tsufa, ko wata lalura, kada ka yanke masa hukunci a zuciyarka. Naka shi ne ka auna hannun da Allah ya bar masa ka yi abin da zai zauna a ciki.

Sauran abubuwa ka san su. Ka riƙe salla a kan lokaci. Ka wasa gizago kafin ka kwanta, kada ka ba da aronsa. Maigidanka ka girmama shi, amma in ya ce ka sa ɗanyen itace don kasuwa ta buɗe, ka ce masa a'a cikin ladabi, ka gaya masa dalili. Ba ka iya iyo sosai ba, kogin can kuwa ba gulbinmu ba ne, kada samari su zuga ka. Ka riƙa kiran uwarka ko ba labari, muryar take so. Ta cika maka gefen jakar da igiyar kaba da za ta kai ka wani lokaci, in ta kusa ƙarewa ka faɗa da wuri a ba direbobin Maraɗi.

Jiya na je na gaya wa Baba Tanko za ka tafi. Ya tambaye ni ko gaskiya ne kogin Isa ba ya ƙafewa ko da rani. Na ce haka ake faɗi. Ya yi ta girgiza kai, ya ce shi duk rayuwarsa jiran ruwa yake ya zo, ashe akwai inda ruwa ke jiran mutane. Ya ce in gaya maka, in ka isa, kafin ka fara aiki, ka gangara bakin kogin ka tsoma hannunka na dama har wuyan hannu a madadinsa, sannan ka kira ka gaya masa yadda sanyinsa yake. Ka yi masa wannan, kada ka jinkirta.

Allah ya kai ka lafiya, ya zaunar da kai lafiya, ya sa albarka a hannunka da abin da zai fito daga cikinsa. Allah ya tsare duk wanda zai riƙe aikinka a kan ruwa, ya mai da shi ga iyalinsa. Na yafe maka duniya da lahira, uwarka ma ta yafe. Allah ya sa mu gana da alheri.

Wassalam.

Mahaifinka,
Rabe